Larabcin Ɗakin Jinya

Bahaushen da ya yi makarantar allo yana da wata dangantaka da Larabci mai wuyar bayyanawa ga wanda bai tashi a cikinta ba. Ya san amon harshen tun kafin ya bambance damansa da hagunsa. Yana karanta shi da wasali ba gargada, yana iya tunasar da liman idan ya tsallake aya, in kuma ya yi nisa ya bi ta Ahalari da Ishmawi da Iziyya, malam na fassara masa kalma bayan kalma. Amma a tsayar da shi gaban Balarabe a ce ya tambayi hanyar tasha, sai ya yi tsuru-tsuru. Harshen yana bakinsa, sai dai ba mallakarsa ba ne. Ajiya ce aka ba shi, ya riƙe ta da alwala.

A cikin wannan rukuni nake lokacin da na karɓi hutun wata 5 daga wurin aiki na tafi Alƙahira koyon Larabci. Aikina lissafin kuɗi ne, babu abin da ya haɗa ni da likitanci. Da safe ina zuwa wata ƙaramar cibiyar koyar da baƙi, inda aka sa ni a ajin farko. Da yamma kuwa, sau 3 a mako, ina aikin sa-kai a wani masauki da wata ƙungiyar jinƙai ta tanada domin yara masu ciwon daji da iyayensu mata. Malamar ajinmu ce ta gabatar da ni a can. Abin da nake so mu duba a wannan makon shi ne yadda ƙarancin harshe yake shafar mai aikin sa-kai a tsakiyar yara marasa lafiya, domin na ga inda ya zama alheri, na kuma ga inda zai iya zama cuta.

Bari in fara da dalilin da ya sa ake buƙatar irin wannan masauki. Da yawa daga manyan wuraren jinyar ciwon dajin yara a Masar sun taru ne a Alƙahira, ba su da nisa da juna: Cibiyar Ciwon Daji ta Ƙasa da ke ƙarƙashin Jami'ar Alƙahira, da asibitin yara na Abu Rish, da asibitin da kowa ya sani da lambarsa, 57357, a unguwar Sayyida Zainab. An buɗe wannan na ƙarshe a 2007, da gudummawar jama'a aka gina shi, sunansa ma lambar asusun bankin da aka riƙa zuba gudummawar ce, kuma jinya a cikinsa kyauta ce. To amma ko magani ya zama kyauta, hanya ba kyauta ba ce. Wadda ta taso daga Aswan za ta shafe fiye da sa'a 12 a jirgin ƙasa kafin ta iso. Sankarar jini, wadda ita ce ta fi yawa a cikin yara, jinyarta kan ɗauki shekara 2 zuwa 3, kuma ba a kwance ake yin ta duka ba. A ba yaro magani yau, a ce ya dawo jibi a auna jininsa. Ina uwa za ta kwana a tsakani?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yara da matasa kimanin 400,000 ne ke kamuwa da ciwon daji kowace shekara. A ƙasashe masu arziki fiye da kashi 80 cikin 100 suna warkewa. A yawancin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ba su kai kashi 30 ba. Cikin dalilan da hukumar ke lissafawa har da yanke jinya a tsakiya, wato iyaye su gaji, kuɗin mota ya ƙare, su koma ƙauye da yaro ba a gama ba. Don haka katifa da tukunyar shinkafa kusa da asibiti su ma wani yanki ne na maganin.

Masaukin da na yi aiki bene ne tsoho mai hawa uku, ɗakuna a jere, kicin ɗaya, da falo da aka mai da shi ɗakin wasa. Shugabar gidan, wata dattijuwa da ta yi ritaya daga aikin jinya, ba ta tambaye ni takardar shaidar komai ba sai ta rigakafi. Ta zaunar da ni ta karanta mini dokoki, malamata na fassarawa. Wanke hannu kafin shiga da bayan fita. Takunkumi a fuska. Ranar da na ji alamar mura, in zauna a gida. Ba hoto, ba abinci daga waje, ba keɓewa da yaro, ba alkawari. Dalilin yawancin dokokin guda ne: maganin da suke kira "kimawi" ba ya bambance ƙwayar cuta da fararen ƙwayoyin jini masu tsare jiki, don haka akwai kwanakin da garkuwar yaro ke faɗuwa ƙasa warwas, murar da ni zan share da majina biyu ta iya kai shi ɗakin kulawa ta musamman. Zazzaɓin da ya kai 38 a ma'auni a wurinsu ba abin jira ba ne. Shi ya sa kalmomin farko da ta sa na haddace ba gaisuwa ba ce. "Sukhn," jiki ya yi zafi. "Harara," zazzaɓi. "Ta'ali bisur'a," zo da sauri. Sai da na maimaita su ta gamsu, sannan ta ce mini barka da zuwa.

Wanda bai zauna ƙasar Larabawa ba yakan ɗauka Larabci ɗaya ne, wani ya iya shi da kyau, wani ya gurɓata shi. Ba haka abin yake ba. Akwai fusaha, harshen Alƙur'ani da littattafai da huɗuba da labaran talabijin, wanda babu uwar da ke rarrashin ɗanta da shi. Akwai kuma ammiyya, harshen gida da kasuwa da ciwo. Masanin harshe El-Said Badawi, a littafinsa na 1973, ya kasa Larabcin Masar hawa 5, daga fusahar littattafan magabata a can sama har zuwa ammiyyar wanda bai shiga aji ba a ƙasa. Ni na zo da ɗan gutsuren hawa na sama a ƙunshe a gefen zane, gidan da na shiga kuwa a hawa na ƙasa yake zaune. Ranar farko da na tambayi wata yarinya sunanta da Larabcin littafi, sai ta ruga ta kira sauran, su zo su ga matar da ke magana kamar katun. Gaskiyarta: yawancin katun ɗin da ake fassara wa yaran Larabawa, irin na tashar Spacetoon, da fusaha ake yin su.

Abin da ya ƙara rikita lissafin shi ne ammiyyar ma ba ɗaya ba ce a gidan. Ma'aikata 'yan Alƙahira ne, su kuwa jim a bakinsu "g" ce, ƙaf kuma ta narke ta zama hamza. Iyaye da yara yawancinsu daga Sa'id suke, wato kudancin Masar, su Asyut da Sohag da Ƙina da Aswan, inda ƙaf ce ke zama "g". Zuciya, wadda na sani da "ƙalb", a bakin ma'aikaciya "alb" ce, a bakin uwa "galb". Kalmomin da Hausa ta ara tun ƙarnoni, waɗanda na zo ina taƙama da su, na same su sun canza kama kamar dangin da aka daɗe ba a gani ba. Aljihu ya zama "geb", lokaci ya zama "wa't", almakashi ya zama "ma'ass". Alƙalami kuwa ya zama "alam", kuma a lafazin Alƙahira babu bambanci tsakaninsa da "alam" mai nufin raɗaɗi, haka kuma da shi suke kiran mari. A ɗakin da yara ke zane da kanula a bayan hannu, kalma ɗaya ta ɗauki abin rubutu da ciwo da duka.

Yanzu ga abin da ya sa na ce ƙarancin harshe na iya zama alheri. Wanda ya taɓa Ajurumiyya ya san fa'ili da maf'uli, mai aikatawa da wanda aka aikata wa. Yaron da ke jinyar ciwon daji maf'uli ne daga asuba har dare. A tashe shi, a auna shi, a soke shi, a ɗaura masa ruwa, a aske abin da ya rage na gashinsa. Duk fi'ilin da ke zuwa gare shi na umarni ne: buɗe baki, kawo hannu, kada ka motsa, haɗiye. Manya suna magana a kansa yana zaune, suna sassauta murya idan sun zo wani wuri, shi kuma ya san wurin. An cire shi daga makaranta, sa'o'insa sun wuce shi. Duk wanda ya shigo ɗakin ya fi shi sani, ya fi shi ƙarfi, kuma yawanci ya zo ne da tausayi, wanda yaro ke jin warinsa tun daga ƙofa.

Sai ga wata babbar mace ta shigo, ta haifi kamarsa, amma ba ta san sunan cokali ba.

Wani yaro ɗan shekara 9 daga Sohag ne ya fara gane abin da wannan ke nufi. A mako na biyu ya ja kujera ya ajiye a gabana, ya ɗauko marfin kwalba ya buga a tebur, ya ce an shiga aji. Shi yana kira na "ya Abla", kamar yadda ake kiran malama ko babbar yaya, ni kuma ina ce masa "ya Ustaz". Yakan ɗaga abu, in faɗi sunansa. In na dace ya ba ni marfi ɗaya, in ban gamsar da shi ba ya karɓe biyu, domin ba mai sassauci ba ne. "Guli tani," yake cewa, sake faɗa. Baƙin da ya fi tsananta mini a kai shi ne wanda muke kira ha ƙarami a makarantar allo, sai an baki wofi. Mu Hausawa mun daɗe da yi wa waɗannan baƙaƙe sulhu, mun zaunar da su inda maƙogwaronmu ya iya, kamar yadda muka mai da lodi "l" har muka sami alwala da larura da Ramalan. Ustaz bai san da wannan sulhu ba, kuma bai amince da shi ba. Akwai makon da magani ya fesa masa ƙuraje a baki har ruwa ba ya iya haɗiyewa sai da kuka. Uwarsa ta ce kada in shiga, ba zai iya magana ba. Sai ga saƙo daga ɗaki: a ce wa Abla ba a ba da hutu ba. Ranar da allo da alli ya koyar, yana nuna maƙogwaronsa da yatsa.

A ranar ce ma muka yi rigimar rubutu. Na rubuta fa da ɗigo a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama, yadda ake rubutawa a allunanmu bisa hannun Magariba. Ya soke da jan alli. Na yi ƙoƙarin bayyana masa cewa daga Kano har Fas haka ake yi tun kafin a haifi kakansa. Ya yi tunani, ya rubuta sifiri babba, ya nuna mini cewa wannan na ƙasarmu ne gaba ɗaya.

Ba da jimawa ba ajin ya cika da malamai, ɗaliba ɗaya. Wata yarinya ta ɗauki fannin launuka, wani ya ɗauki zagi, wanda uwarsa ta soke darasinsa da gaggawa. Abin da na lura da shi shi ne yadda zamansu ke canzawa idan suna koyarwa. Kafaɗa ta miƙe, murya ta fito, a manta da sandar ƙarin ruwa. Ban kawo wannan da dabara ba, kuma wanda ya iya Larabci sosai ba zai iya kwaikwayonsa ba, domin yaro yana gane babban da ke yin kamar bai sani ba. Jahilcina na gaske ne, shi ya sa ya yi amfani.

Kada mai karatu ya ɗauka zaman duk zuma ne. Baƙar fata a titin Alƙahira tana jin kalmomi, wasu na wasa, wasu ba na wasa ba. A cikin gidan yara sun fara kira na 'yar'uwar Bakkar, wani yaro Banube na shahararren katun ɗin Masar da aka fara nunawa a ƙarshen shekarun 1990. A bakinsu ba zagi ba ne, hasali ma yaran Aswan sun ɗauke ni tasu saboda shi. Wasu iyayen kuwa sai da suka ga na yi salla tare da su kafin suka daina janye jakarsu idan na zauna. Na bar wannan a nan, domin ba shi ne zancen yau ba.

Harshen iyaye daban ne da na yara, kuma shi ya fi wuyar koyo, domin rabinsa kauce wa magana ne. Ba kasafai uwa ke furta "saratan" ba, sunan ciwon na asali. Sai ta ce "il-marad il-wihish", mugun ciwon nan, kamar yadda mu ma muka tura shi daji muka ce ciwon daji. Idan aka ambaci cuta ko mutuwa kusa da yaro, sai a yi maza a ce "ba'd ish-sharr", sharri ya yi nisa. Wadda ta fi ba ni mamaki ita ce kalmar da muka fi kowa sani. Lafiyarmu daga "al-afiya" ta fito. Amma idan Bamisriya ta ce ɗanta "bi-afya shwayya", ba tana nufin yana cikin lafiya ba. Tana nufin jikin ya motsa. An kira ciwo da sunan abin da ake roƙo.

Na kuma yi kewar "sannu". Mu da kalma ɗaya muke gaida mai ciwo da mai jinya da mai aiki da wanda ya yi tuntuɓe, mu ja ta ko mu gajarta ta gwargwadon nauyin abin. A can sai da na tara kalmomi uku kafin na cike gurbinta: "salamtak" ga mai ciwo, "ma'lesh" ga wanda allura ta soka, "Rabbina ma'aki" ga uwar da ta fito daga wurin likita ba ta ce komai ba. Da waɗannan uku, da iya yin shiru, mutum zai yi wata guda bai ɓata wa kowa ba.

Akwai jimla ɗaya da malamata ta koya mini a wata na biyu, ba ta cikin littafin aji. Ta ce tunda can nake zuwa, gara in ji ta daga bakinta tukuna. Idan ka tambayi Bamisre labarin wani ya amsa da "ti'ish inta", ga mace "ti'ishi inti", ma'anar kalmomin ita ce ke ki rayu, kuma baƙo zai ɗauka addu'ar tsawon rai ce ya ce amin da murmushi. Sanarwar rasuwa ce. Sau biyu aka faɗa mini ita a wata 5. Ta farko a kan yarinyar nan mai koyar da launuka, da na ga gadonta da sabon zanen gado na tambayi mai shara. Abin da ake mayarwa shi ne "il-ba'a' lillah", wanzuwa ta Allah ce. Na faɗa, na je na wanke hannu, na shiga aji, domin Ustaz ya riga ya buga marfi.

Inda ƙarancin harshe ke zama haɗari kuwa, ga shi. A Masar da Ingilishi ake karatun likita, kuma da Ingilishi ake rubuta yawancin sakamakon gwaji da rahoton asibiti. Uwar da ta fito daga ƙauyen Ƙina, wadda wataƙila ko Larabcin ba ta karantawa, tana yawo da jakar leda cike da takardun da suka ƙunshi makomar ɗanta cikin harshen da ba ta san ko harafi ɗaya nasa ba. Likita ya yi mata bayani, amma a gurguje, ga layi a bayanta, ga kunyar sake tambaya. Sai ta dawo masauki ta ji cewa baƙuwar nan ta iya Ingilishi. Ga ni, ina iya karanta kowace kalma a takardar, ba ni da ilimin auna nauyinta, kuma Larabcin da zan mayar da ita bai wuce na cokali da launuka ba. Tambayar kullum ɗaya ce: "Kwayyis walla wihish?" Da kyau ko ba kyau? Rahoton da likita zai yi rabin sa'a yana warware shi, ana so in matse shi cikin ɗayan kalmomi biyu.

Shugabar gidan ta san da wannan tun kafin in zo, kuma dokarta a kai ba ta da ƙofa: kada in karɓi takarda a hannuna. Hausawa sun ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne, a nan kuwa ba wuyan mai sanin kaɗai yake shaƙewa ba. Adadin da ya yi ƙasa a gwajin jini yana iya zama abin da ake tsammani a wannan makon na magani. Kalmar da ta yi kama da bushara tana iya zama ba ita ba. In na ce "kwayyis" uwa ta saki jiki ta ɗaga zuwa asibiti, in na ce "wihish" ta tattara kaya ta koma ƙauye wurin mai ruƙiyya, wa zai ɗauki alhakin? Abin da nake yi shi ne in ce "ana mish duktura", ni ba likita ba ce, in kama hannunta mu sauka wurin shugabar, wadda za ta karanta, ta kira asibitin in da buƙata, ta zauna da ita.

Sau ɗaya wata uwa ba ta miƙo takardar ba, buɗe ta ta yi a gaban idona. Kafin in kau da kai na ga kalmar da ke nufin ciwon ya dawo. Ita kuwa ba takardar take kallo ba, ni take kallo, domin ta san labarin zuciya fuska ake tambaya. Takunkumi ya rufe mini rabin fuska, sauran rabin na riƙe shi iyakar ƙarfina. Na faɗi jimlata, muka sauka bene tare. Tsawon matakalar nan ba ta sake tambayata ba, kuma ina jin ta riga ta karanta abin da ta zo karantawa.

Dole in taɓa tambayar da na san tana ran mai karatu, domin 'yan'uwana sun yi mini ita tun kafin in tafi: yaran gida sun ƙare ne? Tambaya ce mai nauyi, kuma ba a kan Hausawa kaɗai ta tsaya ba. An daɗe ana sukar yawon sa-kai na gajeren lokaci, inda matasa daga ƙasashe masu arziki ke zuwa gidan marayu na mako biyu, su rungumi yara, su ɗauki hoto, su tafi, wasu su zo. Abin ya kai ga a wasu ƙasashe ana raba yara da iyayensu don a cika gidajen da baƙi za su ziyarta, har Ostareliya ta sanya irin wannan fatauci cikin nau'o'in bautar zamani a 2018. Kasancewata 'yar Afirka kuma Musulma bai wanke ni daga wannan tuhuma ba. Idan aka yi lissafi irin na aikina, kuɗin jirgi da na haya da na kashe, da an zuba su a asusun masaukin, da sun ciyar da shi fiye da yadda hannuna ya amfane shi.

Amsata ita ce ban je Masar don in ceci kowa ba. Na je koyon Larabci, kuma ina da yammaci uku da ba na komai. A ganina wannan ne tsarin da ya fi aminci: mutum ya kasance yana da dalilin zamansa a gari, ya daɗe gwargwado, ya shiga ƙarƙashin mutanen wurin da suka san aikin, ya karɓi ɗan ƙaramin gurbin da suka ba shi. Wanda ya sayi tikiti musamman don ya je ya ji daɗin tausayi, zai nemi ribar kuɗinsa, kuma a jikin yara zai neme ta. Gurbina ni ƙarami ne ƙwarai. Sa'a biyu da nake tare da yara, uwa takan yi wanki, ko ta yi barcin da ba ta yi ba tun shekaranjiya, ko ta hau saman bene ta kira mijinta ta yi kukan da ba ta so yaron ya gani. Babu wanda ya warke saboda ni. In aka auna wanda ya fi cin riba, ni ce, nesa ba kusa ba.

Game da gida kuwa, abin da Alƙahira ta yi mini shi ne ta buɗe mini kunne. Duk wanda ya yi jinya a babban asibiti a arewacin Najeriya ya ga Bafulatanar ruga ko Babarbariyar ƙauye zaune a baranda da jakar leda, Hausarta ba ta wuce ta gaisuwa ba, takardunta da Ingilishi, tana bin fuskokin masu wucewa tana neman wanda za ta tambaya ko da kyau ko ba kyau. Da ina wuce ta in ce sannu. Yanzu na san yadda ake ji idan magana ta cika ciki, kalmomin da ke hannu ba su wuce ɗari biyu ba.

Saura mako biyu in tafi, shugabar ta sa na faɗa wa yara, ta kuma hana ni jimlar da ta fi sauƙi a baki, wato zan dawo. Ta ce yaran nan sun ga mutane da yawa sun ɓace ba sallama, wasu ta ƙofa, wasu ta gado, kuma ba su cika bambance biyun ba. Wanda zai tafi da ƙafarsa ya faɗi rana, ya faɗi inda za shi. Muka zana kalanda a kwali, kullum wani ya soke kwana ɗaya. Na nuna musu Najeriya a taswira, suka yi ta jayayya a kan ko ta fi Aswan nisa.

Ustaz ya gama zangon magani mai tsanani a daidai wannan lokaci, an ce zai koma Sohag ya riƙa zuwa lokaci-lokaci. Gashinsa ya fara tsirowa, laushi kamar na jariri, yana ƙin a taɓa. A ranar ƙarshe ya shirya mini jarrabawa, tambaya goma, sauran malamai na zaune a matsayin shaidu, iyaye na leƙowa daga ƙofar kicin. Na kawo sunan cokali da tagar ɗaki da launuka bakwai, na ƙirga daga ɗaya zuwa ɗari da lafazin Sa'id, na faɗi abin da ake cewa idan jikin yaro ya yi zafi. Ya ba ni 7 cikin 10. Ɗaya ya tafi a kan ha ƙarami, ɗaya a kan ɗigon fa. Na tambaye shi na ukun fa? Ya ce wannan na tafiya ne ba a gama littafi ba.